Gano Ƙwayar Sarrafawa da Ba a San Asalinta Ba da Sake Ɗora Mata Manhaja: Nazari a kan Matattarar Bayanai ta Inbatar Hasken Rana

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya kafa wutar hasken rana irin ta zamani a gidansa ko a wurin sana'arsa, ya san wata 'yar na'ura, wadda tsawonta bai wuce na tafin hannu ba, da akan soka a ƙarƙashin inbata. Aikinta shi ne ta riƙa tambayar inbata halin da take ciki, watau yawan wutar da fayafayan sola suka samar, da abin da ya rage a batir, da abin da gida ya sha, sa'an nan ta aika da amsar ta WiFi zuwa uwar garken kamfani, daga can kuma mai gida ya gani a wayarsa. Wannan na'ura ita ce za mu kira matattarar bayanai, ko kuwa matattara a taƙaice. A cikinta akwai ƙwaya guda da ke tafiyar da aikin duka, irin wadda masu gyaran rediyo da waya suke kira aisi, mu kuwa za mu kira ta ƙwayar sarrafawa. Jerin umarnin da aka zuba mata take aiki da shi, shi ne manhajar ciki, sauya shi kuma shi ne abin da masu gyaran waya suka sani da sunan fulashin.

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana matakan da ake bi a gano sunan ƙwayar sarrafawa idan masana'anta ta ɓoye shi, da yadda ake ɗora mata sabuwar manhaja. Ra'ayin da takardar ta tsaya a kai shi ne, ɗora manhaja shi ne mafi sauƙi a cikin matakan nan, ɓarna kuwa daga gaggawa take zuwa. Saboda haka ba a rubuta kome a cikin ƙwaya sai shaidu biyu masu zaman kansu sun yarda a kan sunanta, sai kuma an adana kwafin abin da ke cikinta.

2.0 DALILIN BUƊE MATATTARA

Mai sauraro yana iya tambaya, me ya kai mutum ga taɓa na'urar da ke aikinta lami lafiya? Dalilai uku ne. Na farko, bayanan inbatar da ke rataye a bangon ɗakin mutum sai sun yi tafiya zuwa wata ƙasa kafin su komo wayarsa. A garuruwanmu, inda intanet takan yanke kuma kuɗin data ke da nauyi, mai gida yakan zauna kusa da inbatarsa amma wayarsa ba ta nuna masa kome ba. Haka kuma ranar da kamfani ya rufe uwar garkensa, matattarar ta zama kurma ke nan, ko da kuwa babu abin da ya lalace a jikinta.

Na biyu, matattara ba 'yar kallo ba ce kurum. Yawancinsu suna magana da inbata da tsarin Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fito da shi a 1979. A wannan tsari umarni mai lamba 03 da mai lamba 04 na karanta rajista ne, amma mai lamba 06 da mai lamba 16 na rubutawa ne. Ma'ana, duk wanda ke riƙe da akalar matattara yana iya sauya ƙarfin wutar da ake cajin batir da ita, ko ma ya kashe inbatar daga nesa.

Na uku, wannan tsoro ba zato ba ne. A watan Agusta na 2024 masu bincike na kamfanin Bitdefender sun bayyana wasu kafofi da suka gano a dandalin Solarman da na Deye, waɗanda ta cikinsu baƙo zai iya shiga asusun wani ya sauya saitin inbatarsa. A watan Maris na 2025 kuma kamfanin Forescout ya bayyana kafofi 46 a kayan Sungrow da Growatt da SMA. Kamfanonin sun toshe abin da aka nuna musu, amma darasin yana nan. Sabuwar manhaja tana ba mai kaya damar ya tsare bayanansa a cikin gidansa.

3.0 SHAIDUN DA KE BAYYANA SUNAN ƘWAYA

Kafin kome, tilas a zare matattara daga jikin inbata a kai ta kan teburin aiki, domin a cikin inbata akwai wuta mai ɗaruruwan bolt, wadda takan daɗe a ajiye ko bayan an kashe ta. Daga nan sai a bi shaidu huɗu a jere, a fara da wanda ba ya taɓa kome, a ƙare da wanda ke magana da ƙwayar kai tsaye.

3.1 Shaidar Ido

Da an buɗe murfi, sai a ɗauki hoton allon gaba da baya, a karanta duk rubutun da ke kansa da madubin ƙara girma. Sau da yawa masana'anta takan goge sunan ƙwaya ko ta rufe ta da murfin ƙarfe, amma maƙwabtan ƙwayar sukan tona asirinta. Alal misali, ESP8266 ta kamfanin Espressif na birnin Shanghai, wadda ta fito a 2014, tana da ƙafafu 32, ba ta da ma'adanar manhaja a cikinta, don haka a gefenta akan ga wata ƙwaya mai ƙafafu 8, da kiristal wanda galibi 26 ne ke rubuce a kansa, watau megahaz 26. 'Yar'uwarta ESP32 ta 2016 takan zo da kiristal mai 40. Ita kuwa STM32F103C8 ta kamfanin STMicroelectronics ƙafafunta 48 ne, ma'adanarta a cikinta take, kiristal ɗinta kuma yawanci 8 ne.

Idan akwai murfin ƙarfe, a duba ko yana ɗauke da lambar rajistar hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, gama hukumar tana buɗe wa jama'a takardun kayan da ta yi wa rajista, har da hotunan cikinsu a mafi yawan lokuta. Har ila yau akwai lambar MAC da matattara ke nunawa idan ta hau WiFi. Kashi uku na farkon wannan lamba na masana'anta ne, kuma suna cikin kundin da ƙungiyar IEEE ke riƙe da shi.

3.2 Shaidar Mita

Mataki na biyu shi ne a bi layukan allo da mita alhali babu wuta a jikinsa. Kowane dangin ƙwaya yana da wuraren da yake ajiye ƙafafun wuta da na ƙasa, kuma ba a iya goge wannan kamar yadda ake goge rubutu. A ƙwaya mai ƙafafu 48, idan aka tarar ƙafa ta 23 da ta 35 da ta 47 suna haɗe da ƙasa, ta 24 da ta 36 da ta 48 suna haɗe da wuta, kiristal kuma yana kan ta 5 da ta 6, to wannan shi ne tsarin STM32F103C8 da masu kwaikwayonta. A irin wannan hali ƙafa ta 34 da ta 37 su ne ƙofar bincike da za a yi bayaninta nan gaba.

Da mita ne kuma ake gane hanyar da matattara ke bi zuwa inbata. Kada siffar soket ta ruɗi mutum, domin wasu masana'antu sukan yi amfani da soket irin na wayar intanet, alhali abin da ke gudana a cikinsa RS-232 ne ko RS-485. Ƙwayar da ke tsakanin soket da ƙwayar sarrafawa ita ke faɗin gaskiya: MAX3232 da danginta na RS-232 ne, MAX485 da SP3485 na RS-485 ne, CH340 kuwa mai juya USB ce. Abin kiyayewa a nan shi ne, layin RS-232 yana iya kai bolt 15 sama ko ƙasa da sifiri, ƙwayar sarrafawa kuwa da bolt 3.3 take aiki. Wanda ya haɗa su kai tsaye ya ƙona ta tun bai san sunanta ba.

3.3 Shaidar Kunne

Yawancin alluna suna da wasu ramuka ko ɗigo-ɗigon jan ƙarfe uku ko huɗu a jere, waɗanda masana'anta ta yi amfani da su ranar da ta zuba manhaja. Ɗaya na ƙasa ne, ɗaya na wuta, ɗaya na aikawa, ɗaya na karɓa. Na aikawa ana gane shi da cewa yana zaune a kan bolt 3.3, amma yakan yi rawa a lokacin da aka kunna na'urar. Sai a haɗa waya biyu kaɗai zuwa kwamfuta ta hanyar 'yar na'urar juya USB mai bolt 3.3, watau ta ƙasa da ta karɓa, a yi shiru a saurara.

Ƙwayoyi da yawa sukan yi gaisuwa idan sun farka, kuma kowace da irin muryarta. ESP8266 mai kiristal 26 tana fitar da saƙon tashinta da saurin bit 74880 a sakan, wanda baƙon sauri ne ƙwarai, har ya zama kamar tambarinta, layin farko kuma yana ɗauke da kwanan wata 8 ga Janairu 2013. ESP32 da saurin 115200 take nata. Idan haruffa suka fito a hargitse, ba lalacewa ba ce, saurin ne bai dace ba, sai a gwada wani. Sau da yawa saƙon da ke biyo baya yakan ambaci sunan kayan aikin da aka gina manhajar da su, daga nan a gane ko ƙwayar ta Realtek ce, ko ta Beken, ko ta wani kamfani dabam.

3.4 Tambayar Ƙwaya da Kanta

Shaida ta huɗu ita ce mafi ƙarfi. Idan zato ya karkata ga Espressif, sai a haɗa ƙafar GPIO0 da ƙasa a kunna na'urar, ƙwayar ta shiga halin karɓar umarni, manhajar esptool kuma ta tambaye ta sunanta da lambar MAC da girman ma'adanarta. Ita ma'adanar tana amsa umarnin 0x9F da lambobi uku. Amsar EF 40 16, alal misali, tana nufin W25Q32 ta Winbond, mai ɗaukar megabayit 4.

Idan kuwa zato ya karkata ga dangin ARM Cortex-M, ana shiga ta ƙofar SWD mai waya biyu, da na'ura irin ST-Link da manhajar OpenOCD. Rajistar da ke adireshin 0xE000ED00 tana faɗin nau'in zuciyar ƙwayar: C20 na nufin M0, C23 na nufin M3, C24 na nufin M4. A dangin STM32F1 kuma adireshin 0xE0042000 yana ba da lambar samfuri, inda 410 ke nuna matsakaiciyar F103.

A nan ne hikimar neman shaidu biyu take bayyana. STM32F103, wadda ta fito a 2007, ta sami masu kwaikwayo da yawa, irin su GD32F103 ta GigaDevice da APM32F103 ta Geehy, waɗanda ƙafafunsu suka yi daidai da nata, kuma masana'antu da dama sun koma gare su a lokacin ƙarancin ƙwayoyi na 2020 zuwa 2022. Mita ba za ta bambanta su ba. Amma ta asali tana amsa ƙofar SWD da lambar 0x1BA01477, wasu masu kwaikwayon kuwa da 0x2BA01477 suke amsawa. Bugu da ƙari GD32F103 tana kai megahaz 108, ta asali kuwa a 72 ta tsaya, don haka manhajar da aka auna lokacinta a kan ɗaya tana iya kuskure a kan ɗayar. Kama da wane ba ta wane ba ce.

4.0 ADANA ABIN DA AKA TARAR

Bayan an tabbatar da suna, akwai abubuwa biyu da za a kwasa kafin a share kome. Na farko shi ne hirar da tsohuwar manhaja ke yi da inbata. Wannan ce kaɗai za a mayar da matattara jikin inbata dominta, a jingina na'urar nazarin sigina a kan layin da ke tsakanin ƙwayar sarrafawa da ƙwayar juyi, a naɗi tambayoyi da amsoshi na ɗan lokaci. Daga wannan naɗi ake sanin saurin magana, wanda sau da yawa 9600 ne, da lambar inbata a kan layin, da rajistocin da ake karantawa. Tsohuwar manhaja ita ce malamar da ta fi kowa sanin wannan inbata, wanda ya share ta kafin ya saurare ta kuwa ya kori malaminsa tun bai ɗauki karatu ba.

Na biyu shi ne kwafin ma'adana tun daga farko har ƙarshe. A karanta sau biyu, a lissafa tambarin SHA-256 na kowane kwafi, idan suka yi daidai an sami karatu mai kyau. Sa'an nan a leƙa cikinsa. Manhajar Espressif tana farawa da bayit E9. Ta STM32 tana zaune daga adireshin 0x08000000, kalmarta ta farko adireshi ce da ke farawa da 0x2000, ta biyu kuma adireshi ce mara, watau wadda ba ta rabuwa biyu daidai. Kwafin da ya fito FF zalla ko sifiri zalla ba kwafi ba ne.

Wani lokaci ƙwaya takan ƙi ba da abin da ke cikinta, saboda masana'anta ta kulle ta. A dangin STM32, buɗe kullen karatu yana share ma'adanar gaba ɗaya, kuma da gangan aka tsara haka. Wasu daga cikin dangin, kamar F0 da F4, suna da mataki na biyu na kulle wanda ba ya buɗuwa har abada. ESP32 kuma tana da wasu fis na cikin jiki waɗanda idan an ƙona su ba sa komawa, da su ake sa ta ƙi duk manhajar da ba ta ɗauke da sa hannun masana'anta. Wanda ya tarar da kulle, to ya tsaya ya yi shawara, gama ƙofar da zai shiga ba ta da hanyar komowa. Sau da yawa abin da ya fi shi ne a ajiye matattarar asali yadda take, a haɗa wata sabuwa da allon ESP32 da ƙwayar RS-485, a kuɗi kaɗan.

Abu biyu kuma ya kamata a kiyaye. A wasu ƙwayoyi, kamar dangin BK7231 na Beken, lambar MAC da ma'aunin daidaita rediyo suna cikin wani yanki na ma'adanar, share shi kuwa yana raunana WiFi. Haka nan kwafin yana ɗauke da kalmar sirrin WiFi ta gida da lambar na'urar, ga kuma haƙƙin mallakar masu manhajar, saboda haka ajiya ce ta mai kaya, ba abin rabawa ba.

5.0 ƊORA SABUWAR MANHAJA

Idan an cika sharuɗɗan da suka gabata, abin da ya rage kaɗan ne. Ga ƙwayoyin Espressif akwai manhajoji na kyauta masu buɗaɗɗen tushe, irin su ESPHome da Tasmota, aikin LibreTiny kuma ya buɗe wa ESPHome hanyar hawa wasu ƙwayoyin Realtek da Beken. Ga STM32F103, idan aka ɗaga ƙafar BOOT0, wadda ita ce ta 44 a mai ƙafafu 48, ƙwayar tana farkawa cikin manhajar tashi ta masana'anta, a aika mata 0x7F ta amsa da 0x79, daga nan ta karɓi rubutu.

Sabuwar manhaja ba ta san allon ba sai an gaya mata: ƙafar aikawa, da ta karɓa, da ta fitilu, da ta maɓalli, musamman kuma ƙafar da ke juya akalar RS-485 tsakanin magana da saurare, domin idan aka manta da ita, ko dai matattara ta kasa magana, ko ta toshe layin ta hana inbata amsawa. A kwanakin farko a tsaya ga karatu kaɗai, a riƙa gwama kowace lamba da abin da fuskar inbata ke nunawa. Rajista ba ta ɗaukar ɗigon goma, don haka 2301 tana iya nufin bolt 230.1, manyan lambobi kuma akan raba su cikin rajista biyu, wanda ya juya jerinsu zai ga adadin da ba shi da kan gado. Kuskure a karatu abin dariya ne, amma kuskure a rubutu yana iya cinye batir mai tsada. Bayan an gamsu, sai a tura bayanan ta tsarin MQTT, wanda Andy Stanford-Clark da Arlen Nipper suka ƙirƙira a 1999, zuwa wata ƙaramar kwamfuta a cikin gida.

6.0 MISALI DAGA MATATTARAR SHINEWIFI

Matattarar ShineWiFi ta kamfanin Growatt misali ce da ta shahara a wannan fage. Samfurin S yana shiga inbata ta soket ɗin RS-232, samfurin X kuwa ta USB. Waɗanda suka buɗe su sun tarar da ESP8266 a ciki, a samfurin X kuma har da ƙwayar juya USB a kan allon, saboda haka ana iya soka shi a kwamfuta kai tsaye, a riƙe GPIO0 a ƙasa, a kwafe ma'adana, a ɗora sabuwa. Daga wannan ne aikin OpenInverterGateway ya samu, wanda ke karanta inbata ta Modbus ya ba da bayanan a cikin gida ba tare da uwar garken kamfani ba.

Sai dai kada nasarar wasu ta sa mutum ya tsallake matakai. Sunan da ke kan murfin roba na kasuwa ne, masana'antu kuwa sukan sauya abin da ke ciki ba tare da sun sauya murfi ba. Allon da ke hannun mutum shi ne abin tambaya, ba hoton allon wani ba. Ya kuma sani cewa buɗe matattara yakan soke garantinta, manhajar wayar kamfani za ta daina nuna kome, kuma mai sayarwa ba zai iya duba masa inbatar daga nesa ba. Wannan ciniki ne da ya kamata mai kaya ya yi shi ido buɗe, mai gyara kuma ya bayyana masa shi kafin ya kwance ko da kusa ɗaya.

7.0 KAMMALAWA

Wannan takarda ta nuna cewa ƙwayar da aka goge wa suna ba ta rasa masu shaidarta ba. Maƙwabtanta a kan allo, da wuraren ƙafafunta, da gaisuwar da take yi idan ta farka, da amsar da take bayarwa idan an tambaye ta, duk suna nuni ga asalinta. An kuma nuna cewa kowace shaida tana da iyaka: ido ba ya ganin abin da aka goge, mita ba ta bambanta asali da kwaikwayo, wata ƙwayar kuma ba ta gaisuwa sam. Shi ya sa ake neman biyu su haɗu kafin a yanke hukunci, a naɗi hirar tsohuwar manhaja, a adana kwafinta, sa'an nan a rubuta.

Shawarar da za a bayar daga ƙarshe ta shafi makarantunmu na koyon sana'a da sassan injiniyan lantarki. Kayan da wannan aiki ke bukata ba su wuce mita, da 'yar na'urar juya USB, da ST-Link, da ƙaramar na'urar nazarin sigina ba, matasan da ke gyaran waya a kasuwanninmu kuwa tuni hannunsu ya saba da liƙi da fulashin. Abin da ya rage a koya musu shi ne wannan jerin matakai, da haƙurin binsa ɗaya bayan ɗaya, da rubuta abin da suka gano a kan kowane allo domin amfanin wanda zai buɗe irinsa a bayansu.